Littafin da Sunan Ɗanku Yake Ciki: Shawarwari ga Iyaye a Garki

A Ingila akwai wani kamfani, Wonderbly, da ya yi suna wajen buga wa kowane yaro littafinsa shi kaɗai. Iyaye su aika da sunan ɗansu, a tsara labari a kan baƙaƙen sunan, a buga, a kawo musu har gida. Kuɗinsa ba na mai noman gero da riɗi ba ne, kuma ba da Hausa ake yin sa ba. Sai dai dabarar da ke ciki ba ta da tsada ko kaɗan: baƙaƙen da yaro ya fi saurin kamawa su ne na sunansa, kuma labarin da ya ji kansa a ciki ba ya gajiya da shi. Duk gidan da ke da kwali da allura da mutum ɗaya mai iya rubutun boko zai iya haɗa wa ɗan shekara 4 zuwa 6 irin wannan littafi, ko ana kai shi ajin share fagen firamare ko ba a kai shi.

1. Ku fara tsai da sunan da za a rubuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan Bahaushe. Yaro sunan yankansa Abdurrahman, amma tun da aka haife shi Abba yake ji, domin sunan kakansa ya ci. Yarinya a takarda Khadijatu ce, a tsakar gida Ummi ko Dije. Littafin farko ya ɗauki sunan da yake amsawa idan an ƙwala masa kira. Galibi shi ne gajere, shi ne mai sauƙin rubutu. Ga kuma alkunya: uwar da ba ta faɗin sunan ɗan farinta ba za ta zauna tana maimaita shi shafi bayan shafi ba, ko da kuwa don karatu ne. Idan an sa laƙabin da bakinta ke iya furtawa, shi ke nan. Idan babu, a bar wa goggo ko yayarsa karatun. Akwai wani dalilin ma. Littafin ƙaramin yaro ƙasa yake kwana, a taka shi, a zauna a kansa, don haka sunan da ke ɗauke da sunan Allah ya fi dacewa da wurin da za a kiyaye shi. Cikakken sunan yanka ya jira littafi na biyu ko na uku, kafin a kai yaron aji ɗaya inda malami zai kira shi da shi.

2. Kayan aiki suna gidanku. Kwalin taliya ko na sabulu shi ne bango. Farar takarda huɗu, a ninke su biyu, a ɗinke tsakiya da zare mai kauri da basilla. Maka baƙa ta fi biro fitowa, in babu ita tawadar allo ma tana yi. Wajen liƙa hoto, ƙaro da aka jiƙa ya wadatar.

3. Labarin ya fito daga bakin yaron. Wata malama a New Zealand, Sylvia Ashton-Warner, da ta koyar da 'ya'yan Maori, takan tambayi kowane yaro kalmar da yake so, ta rubuta masa a kati, ta miƙa masa ta zama tasa. Ta bayyana wannan hanya a littafinta na 1963, kuma abin da ta lura shi ne kalmomin da yara ba sa mantawa su ne na abin da suke ƙauna ko suke tsoro. Ku yi haka a tsakar gida. A tambaye shi, "Me ya faru jiya da kuka je gona da Baffa?" Zai kawo amalanke, ya kawo san da ya ƙi tafiya, ya kawo ƙayar da ta soke shi. Ga labari ya samu. Kada babba ya kawar da wannan ya cusa nasihar wanke hannu da gai da manya; ana yi masa ita safe da yamma, ba sai ta biyo shi cikin littafinsa ba. Akuyar da ta cinye masa ƙosai ta fi kowace nasiha riƙe hankalinsa a shafi.

4. Jimla ɗaya a shafi, kalmomi uku zuwa biyar. Rubutun Hausa yana da wani alheri da na Turanci ba shi da shi: yawanci yadda aka rubuta haka ake faɗa, kuma mafi yawan gaɓoɓi baƙi ne da wasali. Yaron da ya gane la, da di, ya karanta Ladi. Idan ya ƙara da ka da za, kaza ta shigo hannu. Ga misalin littafi sukutum:

Ladi ta ga kaza.
Kaza ta gudu.
Ladi ta bi kaza.
Kaza ta hau katanga.
Ladi ta kira Inna.
Inna ta ba kaza gero.
Kaza ta sauko.

Ku duba yadda ta da kaza suke ta dawowa. Da gangan ne. Kalmar da yaro ya ci karo da ita sau biyar ya fi riƙe ta a kan sabbin kalmomi biyar da ya gani sau ɗaya-ɗaya. Masu makarantar allo sun san wannan tsari tun da daɗewa, shi ya sa babbaƙu ke gaba, farfaru na biye, ba a tsallake. Kalmomi masu gw da ƙy da ts a jinkirta su, sai dai in suna cikin sunan yaron ko na garinsa. Wanda aka haifa a Garki ko Gumel ko Dutse yana da haƙƙin ganin sunan garinsu a shafin farko, ko da bai iya tsinka shi gaɓa-gaɓa ba tukuna.

5. A yi rubutun da girma, baƙaƙe a rarrabe, da tazarar yatsa tsakanin kalma da kalma. Ƙananan baƙaƙe za a yi amfani da su, babba sai a farkon suna da farkon jimla, domin haka zai tarar a littafin makaranta. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kuwa ba ado ba ce, kada a yar da ita kamar yadda ake yi a saƙon waya. In a shagon kwamfuta za a buga, ku duba takardar kafin ku biya, don sau da yawa ƙugiyoyin kan zube ko su koma ɗan akwati. Yaron da ke zuwa makarantar allo ya saba farawa daga dama, to a ɗiga masa jan ɗigo a gefen hagu na kowane layi, a ce daga nan boko ke tashi. Kada a yi masa faɗa in ya juya baƙi baibai. Kusan duk yara suna yi a waɗannan shekarun.

6. Hoto ba sai na gwani ba. Yayansa ɗan firamare zai zana, shi kuma ya shafa kala. Gidan da ba a son zanen mai rai sai a zana rumbu da tulu da keke, ko a liƙa ganyen zogale da ƙwayar wake, ko a ɗora tafin hannun yaron a kewaye shi da biro a bango. Mai son hoton gaske ya wanke a shagon hoto na gari. Tura hoton yaro da cikakken sunansa ga wani shafin intanet da ba ku san masu shi ba, ban ga ribarsa ba.

7. Minti goma a rana sun isa, a lokaci ɗaya da aka saba, bayan la'asar ko kafin a yi shimfiɗa. Mai karantawa ya ɗora yatsa ƙarƙashin kowace kalma, daga baya ya kama yatsan yaron ya bi da shi. Ba za a daɗe ba zai riƙa zuba labarin tun daga farko har ƙarshe, gida ya ɗauki murna wai ya iya karatu. Hadda ce, kuma ba laifi ba ce, ita ce matakin farko. Gwajin shi ne a rubuta kalmomin a 'yan guntayen kwali, a barbaza a tabarma, a ce "Miƙo mini kaza", "Ina gero?" Sannan a sake jera su a sabuwar jimla da bai taɓa ji ba, kamar Inna ta bi Ladi. Ranar da ya karanta wannan ya yi dariya, ranar ce ya fara karatu. Uwar da ba ta yi boko ba tana da nata aikin: ita za ta ce "Karanta mini in ji", ta tambayi abin da ya sa kazar ta gudu.

8. Bayan littafi uku ko huɗu, a fara janye sunansa. A yi wanda ƙanwarsa ce ke ciki, a yi na Gizo da Ƙoƙi, a yi musaya da na ɗan maƙwabta. Mai wayar zamani zai samu littattafan yara na Hausa kyauta a shafin African Storybook na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, kuma ana iya buga su a takarda. In an ci sa'a a kantin littattafai an samu Ka Koyi Karatu na Zariya, a saya. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fi ƙarfin idonsa yanzu, amma bai fi ƙarfin kunnensa ba, a riƙa karanta masa gajerun labaran ciki.

9. Gara da ruwan damina su ne masu cinye aikin. A sa littattafan a leda a rataye a ƙusa inda hannun yaron zai kai, ba a ƙasan adaka ba. A bayan bango a rubuta wata da shekarar da aka yi kowanne, sannan ranar da za a kai shi aji ɗaya a tafi da su a nuna wa malaminsa, don ya san baƙaƙen da yaron ya riga ya sani.