Tafiya Hutu Masar da 'Ya'ya Matasa: Abin da Ya Kamata Maigida Ya Sani

Wani magidanci daga Kano ya aiko da wannan tambaya: "Ina so in kai iyalina Masar a dogon hutu, ni da mai ɗakina da yara uku, namiji mai shekara 17, mace mai 15, sai auta mai 13. Da na sanar da su, babban shiru ya yi, macen kuma tambayarta ɗaya, ko akwai intanet a masaukin. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi kada kuɗina su tafi a banza?"

Alhaji, shirun da babban ya yi ba raini ba ne. A gidajenmu yaro ba ya ja da maganar mahaifinsa, balle ɗan fari mai kunya, don haka idan abu bai kwanta masa ba sai ya kama bakinsa. Kai ka zaɓi ƙasa, ka zaɓi lokaci, sannan ka sanar da su. Da yaran firamare ne da tuni sun cika gida da tsalle. Matashi kuwa abin da yake lissafawa daban: mako biyu babu abokai, babu ƙwallon yamma, ga Baba a gaba ga Mama a baya daga safe har dare. Maganin wannan shi ne ka sa su cikin shirin tun daga tushe, kuma lissafin kuɗin ma zai nuna maka cewa sun cancanci haka.

Ragin da kamfanonin jiragen sama suke yi wa yara yana tsayawa ne a shekara 11. Daga 12 zuwa sama kuɗin babba ake biya, ke nan tikitin manya biyar za ka saya. Haka otal: yawancin ɗakuna na mutum biyu ne, wasu su yarda da gado na uku. Kuma tun suna shekara goma addini ya ce a raba musu makwanci, saboda haka budurwa mai shekara 15 ba za ta kwana ɗaki ɗaya da 'yan uwanta maza ba. Ɗakuna uku ke nan kowane dare. Shi ya sa nake ba iyali irin naku shawarar kama gidan haya mai kayan ɗaki, mai ɗakuna uku da falo da kicin, a unguwanni irin su Dokki, Zamalek ko Madinat Nasr, inda ɗalibanmu da yawa suke zaune. Sau da yawa ya fi ɗakunan otal uku sauƙi, kuma Hajiya za ta iya dama kunu da safe. Ku riƙe yajinku daga gida. Abincin titi na Alƙahira ba zai ba yara wahala ba: ta'amiyya 'yar uwar ƙosai ce, koshari kuwa shinkafa ce da taliya da adas, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa a kai, ga arha ga ƙosarwa.

Batun lokaci ne nake so ka sake dubawa. Dogon hutunmu yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da Masar take tsakiyar zafi. A Agusta Alƙahira tana kaiwa maki 35 da rana, Luksor da Aswan kuwa suna wuce 40. Za ka ce Bakano ya saba da zafi. Gaskiya ne, amma a gida babu mai yawo a kan rairayi awa uku da tsakar rana, kuma a Agustan muna cikin sanyin damina ne. Hutun Disamba ya fi dacewa da Masar: rana tana wajen maki 20, dare kuma sai da rigar sanyi. Illarsa ita ce lokacin ne baƙi suke cika ƙasar, farashin masauki ya tashi. Sannan ka tambayi babban ko yana shirin JAMB da WAEC, domin yaron da ke ajin ƙarshe hutun Disambansa na darasi ne. Idan dole sai Agusta, to ku riƙa fita da sassafe da kuma bayan la'asar, ku ba Iskandariyya kwana biyu ko uku don iskar teku. Kimanin awa uku ce a jirgin ƙasa daga Alƙahira. Ko kuma ku canja akala zuwa Nairobi, inda Yuli da Agusta lokacin sanyi-sanyi ne.

Takardu su ne suka fi rusa tafiyar iyali, kuma kusan kullum fasfon yaro ne yake kawo cikas. Fasfon da ake ba wanda bai kai shekara 18 ba a Najeriya na shekara biyar ne kawai. Wanda aka yi wa auta don Umara yana shekara takwas, yanzu ya ƙare ko yana gab da ƙarewa, alhali ƙasashe da yawa, har da Masar, suna so ya zama da sauran wata shida a kansa. Sabuntawa tana buƙatar lambar NIN, kuma dole suna da ranar haihuwa su zo daidai da na takardar haihuwa. Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, ya isa ya cinye muku makonni. Ka fara wata uku ko huɗu kafin tafiya. Katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, sai allurar ta kwana goma yake fara aiki, amma sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Biza kuwa ka nemi sharuɗɗanta daga ofishin jakadancin Masar da ke Abuja da kanka, domin zuwa da kai ya fi saƙo, kuma kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Dokokin biza suna juyawa ba sanarwa; waɗanda suka shirya Dubai a ƙarshen 2022 sun ga haka, lokacin da Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, ba ta dawo ba sai a Yulin 2024.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne riƙo. Idan a cikin yaran akwai ɗan wa ko ɗan ƙani da kake riƙo, sunan mahaifinsa ne a fasfo, jami'an shige da fice kuma suna sa ido sosai saboda safarar yara. Ka tafi da rubutacciyar yardar iyayensa da takardar rantsuwa ta kotu. Haka ma idan aiki ya riƙe ka, Hajiya ce za ta yi gaba da su, ka ba ta takardar amincewarka da kwafin fasfonka.

Yanzu ga zaman da nake so ka yi da su. Ka faɗa musu gaskiyar abin da ka ware, kwana nawa za a yi, da abin da ba zai yiwu ba. Sai ka ba kowannensu rana guda da zai tsara daga safe zuwa dare, cikin iyakar kuɗin da ka sa, da sharaɗin cewa kowa zai bi ba gunaguni, har da kai. Wataƙila macen ta zaɓi babban kanti, auta ya zaɓi wurin wasan ruwa. Ka haƙura ka je. Wanda aka bi zaɓinsa ranar Talata ba ya ɓata rai idan aka kai shi masallacin tarihi ranar Laraba. Ka kuma raba musu aiki na gaske. Babban ya riƙe taswira da kiran mota ta Uber. Macen ta riƙe littafin kashe kuɗi da lissafin canji tsakanin fam ɗin Masar da naira. Auta kuma ga inda Islamiyya za ta yi masa rana: da lambobin Larabci ake rubuta lambar mota a Masar, haka farashi a kasuwa, don haka shi zai tsaya bakin titi yana gane muku motar da kuka kira.

Wani kuskuren iyaye shi ne cika rana da wurare, wai tunda an biya kuɗi sai an ga komai. Babban wuri ɗaya a rana ya isa. Likitocin barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma balaga tana jinkirta lokacin da barci yake ɗaukarsa. Ba lalaci ba ne kawai. Bayan sallar asuba a bar su su koma, in ban da ranar zuwa dalar Giza, wadda gara a isa da zarar an buɗe.

A Giza ne za ka ga amfanin shiri. Babbar dalar ta kai kimanin shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146. Shiga cikinta tikiti ne daban, ta wata siririyar hanya da ake hawa a sunkuye, ga zafi ga cunkoso. Matasa suna son wannan. Mai ciwon gwiwa ko mai tsoron matsatsi ya jira a waje. Da kun sauka daga mota masu raƙuma za su yi muku caa. Wani zai ɗora wa auta rawani a ka ya ce kyauta ne, wani ya karɓi wayar macen ya ce zai ɗauke ta hoto, daga baya kowa ya miƙo hannu. Ka gaya wa yara tun a gida kada su karɓi komai, kada su ba kowa waya. Idan za a hau raƙumi, a yi ciniki a ƙasa: nawa ne, da kuɗin wace ƙasa, na minti nawa, kuma har da saukewa. Ka bar babban ya yi cinikin kana tsaye a gefe. Yaron da ya taso yana zuwa Kantin Kwari ba zai ba ka kunya ba. Kowa ya riƙe katin makarantarsa, domin akwai ragin ɗalibai a wuraren tarihi, kuma ka tanadi katin banki mai aiki a waje, saboda manyan wuraren da yawa sun koma karɓar kuɗin tikiti da kati.

Tarihi ba ya gundurar matashi idan ya ga kansa a ciki. A Azhar, wadda aka aza harsashinta a 970, ka nemi ɗalibi Bahaushe ya zagaya da ku, su ji daga bakin sa'ansu yadda ake karatu a ƙasar mutane. Ka faɗa musu cewa Mansa Musa ya ratsa wannan birni a 1324 a hanyarsa ta Makka, kuma Imam Suyuɗi, da suke jin sunansa a wajen tafsiri, daga nan Alƙahira ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Daga Azhar tsallaka titi kawai za ku yi ku shiga kasuwar Khan al-Khalili. Da yamma a hau kwalekwale mai filafilai a kogin Nilu.

Waya kuwa, kada ka kai faɗanta har Masar. Ka saya wa kowa layi a filin jirgi, domin ita ce za ta haɗa ku idan wani ya ɓace a kasuwa. Doka biyu sun isa: ba waya a kan abinci, kuma ba a sa hoton inda ake a Instagram ko TikTok sai an bar wurin. Ni da za a bi tawa, sai an dawo gida, don ba dabara ba ce duniya ta san gidanku na Kano babu kowa. Fasfo duka a hannunka, hotonsa a wayar kowa, adireshin masauki da Larabci a aljihun kowa. Ka ba su 'yar dama su zaga cikin kanti su kaɗai na awa guda, su biyu ko su uku, da wurin haɗuwa da lokaci. Macen kada ta fita titi ita kaɗai; tsokanar mata matsala ce sananniya a Alƙahira, shi ya sa jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin yake da taragun mata zalla.

Daren tafiya ka buɗe jakar kowa a gabansa, har da taka, don kada ya zama zargi. Taramadol a Masar babban laifi ne: a 2017 kotu ta ɗaure wata 'yar Ingila shekara uku kan ƙwayoyi kusan 300 da ta shigo da su a jaka. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi haramun ne ba da izini ba, haka ɗaukar hoton sojoji, 'yan sanda ko gine-ginensu, abin da matashi mai waya yake yi ba tunani. Mai asma ko sikila ya tafi da maganinsa cikin kwalinsa da takardar likita, kuma a yi inshorar lafiya ta tafiya. Idan zazzaɓi ya kama wani a can, a gaya wa likita daga Najeriya kuka zo, a nemi gwajin maleriya, domin ba ita ce za ta fara zuwa masa a rai ba. Ruwan gora kawai za a sha. Sai saƙo: za a zo ana roƙo a kai wa wane da ke karatu a Azhar, kuma yara aka fi bai wa don sun fi jin nauyin cewa a'a. Duk ƙullin da ba a kwance a gabanka ba, ba ya shiga jaka. Kuɗin hannu da suka wuce dala 10,000 dole a bayyana su ga kwastan.

Kuɗin kashewa ka danƙa wa kowa nasa a rana ta farko, ka ce idan ya ƙare ya ƙare. Tsaraba ma a yanke mata iyaka tun daga gida, a rubuta sunaye, in ba haka ba kwana biyun ƙarshe a kasuwa za su tafi, a zo filin jirgi ana biyan kuɗin nauyin kaya.

Alhaji, yau bayan isha'i ka ɗauko fasfo biyar ɗin ka duba ranar ƙarewar kowanne, sannan ka kira yaran falo tare da mahaifiyarsu, ka fara da tambayar babban wane wata ne ya fi masa sauƙi.