Yadda Za Ka Kai Tsohonka Gwajin Lafiya na Kyauta

Ranar da ka ji an yi shela a masallaci ko a rediyo cewa ma'aikatan lafiya za su zo unguwa duba mutane kyauta, tsohon da ke gidanku aka zo wa. Hawan jini da ciwon suga kan yi shekaru a jikin mutum ba ciwon kai, ba jiri, yana zuwa kasuwa yana dawowa, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Awon da zai tona asirinsu kuwa bai kai minti goma ba.

Ka fara da sanin rana. An fi yin irin wannan aiki a 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, da 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga, da Alhamis ta biyu a watan Oktoba, ranar lafiyar ido. Ka tambayi mai unguwa ko ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi wa ya shirya. Idan masu tallar magani ne da na'urar da ake ɗora tafin hannu ta zayyano cuta goma, ka bar su da kayansu.

Sai babban aikin, shawo kan mai jikin. Zai ce maka lafiyarsa ƙalau, shi da asibiti sai dai dubiya. Kada ka yi musu da shi, kada kuma ka tsorata shi da labarin wane da ya faɗi a banɗaki. Cewa za ka yi, "Baba, ku taimaka mu je tare, ni ma zan sa a auna ni, hankalina zai fi kwanciya." Ka kuma cika alkawari, ka miƙa naka hannun. Idan ya ƙi, nemi amininsa na majalisa ko liman, don tsoho ya fi jin maganar sa'ansa. Inna kuwa a haɗa ta da 'ya mace, domin akwai abin da ba za ta faɗa a gabanka ba.

Tun da dare ka tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har jiƙo da garin gargajiya, da tsohon katin asibiti da gilashinsa. Idan an ce za a auna suga kafin karin kumallo, ya yi awa 8 bai ci komai ba sai ruwa, ku tafi da koko ko kunu a fulas. Wanda yake kan maganin suga, a tambayi ma'aikaci tukuna, domin shan maganin da yunwa na iya kayar da shi.

Ku yi sammako, ku riƙe kujera. Goro, shayi da taba a dakata da su minti 30 kafin awon jini, don suna ɗaga shi. Goron nan ne ya fi wuyar rabawa da bakin tsoho, sai ka lallaɓa. Ya yi fitsari, ya zauna ya huta minti 5, ya sa riga mai sakin hannu. Wajen huda yatsa don awon suga, ka ga an buɗe sabuwar allura a gabanka.

Kada ku tashi da "ba komai" ko "ya ɗan hau" kawai. A rubuta muku lambobin da kwanan wata. Jini 140/90 ko sama, ko sugan safe 126 ko sama (7.0 a wasu na'urori), yana bukatar a sake aunawa a asibiti wata rana, awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Amma idan jini ya kai 180/120 ga ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko harshe ya yi nauyi, daga nan sai asibiti, ba gida ba.

Idan akwai masu duba ido, ku bi layinsu komai tsawonsa. Yanar ido ana cire ta gani ya dawo, a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano. Hawan jinin ido kuwa abin da ya ci ya ci, sai dai a tsare ragowar, shi ya sa kama shi da wuri ke da daraja.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar sakamako da ke ƙarewa ƙarƙashin katifa. Ka ɗauki hotonta a waya, ka sa ranar zuwa asibiti cikin makon. Ku zauna da 'yan'uwa a raba kuɗin magani na wata-wata, a faɗa wa mai girki ta rage gishiri da dunƙule, a kuma zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa tuna wa Baba ƙwayarsa bayan sallar asuba, ko da ya ce ya ji sauƙi.