SA'ANDA ZUCIYA TA YI TUNTUƁE

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8, Matiyu 6:25-34

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko ka taɓa kwanciya da dare, gari ya yi tsit, sai ka ji kamar zuciyarka ta tsaya, sa'an nan ta buga da ƙarfi, dum, kamar an saki taɓarya cikin turmi? Waɗansu su kan ce kamar tsuntsu ne ya ke fuffuka cikin ƙirjinsu. Waɗansu kuwa har a maƙogwaro su ke jinsa.

Ni na ji shi. Da bazara ne, mun yi baƙi, muka zauna shan shayi har dare ya raba. Da na kwanta sai zuciyata ta yi wannan tuntuɓe, ta kuma yi. Na tashi zaune ina gumi. Wata uku ina ɗauke da abin nan ban faɗa wa kowa ba, ko uwargida. Ran Lahadi ina tsayawa cikin majami'a ina ƙarfafa waɗansu, da dare kuwa ina lissafin wanda zai noma gonata bayana. Ina faɗin wannan domin na sani akwai irina da yawa cikin ikkilisiyoyinmu, maza da mata, suna shiru.

YADDA ABIN YA KE

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗaki huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. In babban mutum yana hutawa ta kan buga sau 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya, wato wajen sau 100,000 ke nan a kwana guda. A cikin ɗakin sama na dama Allah ya sa wani ɗan wuri wanda ya ke ba da umarnin kowane bugu, kamar uwar daka wadda sauran mata su ke bin taɓaryarta.

To, kun san yadda mata su ke lugude. Wani lokaci yarinya ɗaya ta kan yi garaje ta saki taɓaryarta tun lokacinta bai yi ba. Sai sauran su ɗan dakata, kāna su koma daidai. Haka ya ke cikin zuciya. Wani sashe nata ya kan riga uwar daka, ya jawo bugu tun ɗakin bai cika da jini ba. Wannan bugu ba shi da ƙarfi, sau da yawa ba ka jinsa ma. Bayansa zuciya ta kan jira kaɗan. Cikin jiran nan jini ya kan cika ta fiye da kullum, kamar guga da ta daɗe cikin rijiya. Saboda haka bugun da ya biyo ya kan zo da nauyi. Shi ne ka ke ji, dum. Ashe zuciyar ba tsayawa ta yi ba. Riga lokaci ta yi, sa'an nan ta gyara tafiyarta da kanta.

Likitoci suna da wata 'yar na'ura da a ke rataya wa mutum kwana ɗaya cur, tana rubuta kowane bugu. Da ita aka gane cewa yawancin manya masu lafiya su kan yi irin wannan tuntuɓe, amma ba su sani ba. Bambancinka da maƙwabcinka mai minshari shi ne kai ka ji naka. Da dare a kan fi jinsa, gama ba hayaniya, hankali kuma ba ya kan aiki. Mai kwanciya ta gefen hagu ya kan fi ji, domin a nan zuciya ta ke matsowa kusa da haƙarƙari.

ABIN DA YA KAN ZUGA SHI

Gajiya da rashin barci su ne na fari. Sai shayi mai ƙarfi, da goro, da kofi, ga waɗansu mutane, ba duka ba. Na san tsoho mai cin goro biyar a wuni, ko a jikinsa. Ni kuwa kofin shayi na farko, mai ɗacin nan, ya isa ya hana ni sakat. Kowa ya lura da jikinsa. Taba da giya, waɗannan kam ba su da wani amfani ga zuciyar kowa. Haka nan ƙwayoyin ƙarin ƙarfi da samari su ke saya wurin masu tallar magani a tire domin su yi noma ba gajiya. Ƙarfin aro ne, zuciya ce ta ke biya.

Akwai kuma ƙishirwa. Cikin watan Afrilu da Mayu mutum ya kan wuni yana gumi, ko zawo ya kama shi, gishirin jikinsa ya ragu, zuciya kuwa da gishirin nan ta ke aiki. Zazzaɓi, da ƙarancin jini, da ciki, da hawan jini, da ciwon maƙoƙo irin mai sa rama da rawar hannu, duka su kan kawo shi.

Amma babban mai zuga shi tsoro ne. In mutum ya tsorata, jikinsa ya kan zuba wani sinadari cikin jini domin ya shirya shi gudu, kamar sa'anda ka taka maciji. Sinadarin nan ya kan sa zuciya sauri, ya ƙara mata tuntuɓe. Ka ji tuntuɓe, ka tsorata. Ka tsorata, ta ƙara tuntuɓe. Sai ka kasa kunne kana jiran na gaba, barci ya gudu, gobe ka tashi a gajiye, gajiya kuma ta kawo wani. Haka na yi ta kewaya kamar akuya a turke.

MAGANAR MUTANE

A ƙasarmu in gaban mutum ya faɗi a kan ce wani mugun labari yana tafe, ko kuwa maye ne ya kama kurwarsa. Na ga gidan da aka daina gaida wata tsohuwa maƙwabciya saboda irin wannan zato, alhali matar gidan jini ne ya yi mata kaɗan bayan haihuwa. Waɗansu masu bi ma, a ɓoye, su kan kai kaza da jikar kuɗi wurin boka a yi musu laya. Boka ba zai ce maka lafiyarka lau ba, gama tsoronka shi ne abincinsa. 'Yan'uwa, mu da aka fansa da jinin Yesu Almasihu, ranmu yana hannunsa. Kada mu ɗora wa marar laifi laifi, kada kuma mu koma ga abin da muka rabu da shi.

Amma akwai wani kuskure a cikinmu kuma, shi ne ya fi ba ni ciwo. Wani ya kan ce wa mai tsoro, "Bangaskiyarka ce ta kasa." Wannan magana ita ce ta rufe mini baki wata uku. Dattijon ikkilisiya, ya ce yana jin tsoro?

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19. Iliya annabi ne wanda ya tsaya shi kaɗai a kan Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, wuta kuwa ta sauko daga sama. Bai daɗe ba Yezebel ta aika masa za ta kashe shi. Mutumin nan mai ƙarfin hali ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa can, ya yi tafiyar yini cikin jeji, ya zauna gindin wani itace yana roƙon mutuwa. To, me Ubangiji ya yi masa? Bai tsauta masa ba. Bai fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa. Ya sake barci, aka sake tashe shi ya ci. Sai bayan wannan, can a Horeb, Allah ya yi magana da shi. Wanda ya halicci jiki ya san ba a rarrabe shi da rai. Barci da abinci da ruwa, su ma alherin Allah ne.

Cikin Matiyu sura 6 Ubangiji Yesu ya nuna wa almajiransa tsuntsaye da furannin jeji, ya tuna musu damuwa ba ta ƙara wa mutum kwana. Ba da faɗa ya yi maganar ba, da tausayi ne. Zuciyarka ta fara bugawa tun kana cikin uwarka, ba ka san kanka ba tukuna. Dukan dararen da ka yi barci, wa ya ke tsaronta? Ba kai ba ne. Yau ma ba sai ka zauna gadinta ba.

JE KA WURIN LIKITA

Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka, wanda ya rubuta Linjila ta uku, likita ne. Sa'anda sarki Hezekiya ya yi ciwo ya yi addu'a, annabi Ishaya kuma ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Addu'a da magani tare suka tafi.

Da uwargida ta gane, ba ta bar ni na kwana biyu ba. Likita ya auna jinina, ya saurari ƙirjina, aka manna mini wayoyi, na'ura ta zana bugun zuciyata a kan takarda. Ba zafi, ba allura. Irin wannan awo ana yinsa a manyan asibitocin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Ya ce zuciyata lafiyayya ce, in rage shayin dare, in sha ruwa, in yi barci. Ko ƙwaya ɗaya bai ba ni ba. Har na ɗan ji haushi, na biya kuɗin mota na komo hannu wofi. Amma daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Yawanci haka ya ke ƙarewa. Amma ku ji wannan da kyau, gama akwai lokacin da ba a jira. In tuntuɓen ya zo tare da suma ko jiri mai ƙarfi, ko ciwon ƙirji, ko numfashi yana gagara, ko ƙafafu sun kumbura, a tafi asibiti ran nan. Haka kuma in zuciya ta kama gudu ta ƙi tsayawa, ko abin yana ƙaruwa sa'anda ka ke noma ko jan ruwa, ko kuwa wani cikin danginku ya taɓa faɗuwa ya mutu farat ɗaya da ƙuruciyarsa. Wanda tuntuɓen ya yi masa yawa ƙwarai, dare da rana, likita zai so ya riƙa dubansa, watakila ya ba shi magani. Kada ya sayi nasa a kasuwa.

Ku maza, ku lura da masu jego. Akwai wani ciwon zuciya da ya kan kama mace cikin watan ƙarshe na ciki ko watannin farko bayan haihuwa, ya kuwa yi yawa a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kunun kanwa da yawan gashi suna ƙara wa zuciyar mai jego nauyi. In ta ce gabanta yana faɗuwa, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ƙafa ta kumbura, kada uwar miji ta ce raki ne. A nemi amalanke ko mota.

DAREN DA YA KOMO

Bayan likita ya ce kana lafiya, abin zai komo, kada ka yi mamaki. Nawa har yanzu ya kan leƙo, tun ba lokacin da rumbu ya yi ƙasa ba. Ga abin da na kan yi. Na kan tashi zaune in sha ruwa. In ja numfashi a hankali ina ƙirga huɗu, in sake shi ina ƙirga shida, haka har minti biyar, gama dogon numfashi ya kan kwantar da sinadarin tsoro. Ba na riƙe da hannuna ina ƙirga bugu kamar dā. In ya ƙi, sai in fita tsakar gida in ɗan zaga, in duba dabbobi. Sa'an nan in faɗa wa Ubangiji ainihin abin da ya ke damuna da sunansa, ko hatsi ne, ko bashi, ko yaron da ya tafi cin rani bai aiko ba. Sau da yawa a nan na kan tarar da tushen abin.

Ke kuma 'yar'uwa, ko kai ɗan'uwa, in abokin zamanka ya tashe ka da irin wannan, kada ka yi dariya, kada kuma ka ta da gida da kuka. Kunna fitila. Tambaye shi ko ƙirji yana ciwo, ko numfashi yana gagara, ko yana jin jiri. In babu ko ɗaya, ba shi ruwa, ka zauna kusa da shi, ku yi addu'a tare har barci ya zo. In kuwa bai taɓa ganin likita a kan abin ba, da safe ku shirya ranar tafiya.