Amsoshin Tambayoyinku: Ko Manhajar Magic Ta Yi Kuskure?

Wani mai sauraronmu ya ce a wasan Magic: The Gathering Arena, dodonsa mai juriya 5 ya tare na abokin karawa mai ƙarfin duka 6, sai ga maki 5 sun zube daga ransa maimakon 1. Manhajar ce ta lalace?

A'a malam, lafiyarta ƙalau. Duba katin dodon abokin karawarka da kyau, za ka tarar yana da baiwa biyu: tattakewa, da kisa da taɓawa ɗaya. A dokar kamfanin Wizards of the Coast, duka 1 daga irin wannan dodo ya isa kashe mai tarewa, sai tattakewa ta wuce da ragowar 5 kanka. Akwai ciwo kam, amma ko a katin takarda haka ake lissafawa.