Darasin Sana'a: San Ƙarfenka Kafin Ka Kunna Injin Walda

Da yawa daga cikin masu walda da ke wannan sansani a Mantiƙa Sinaiya suka koyi aiki, ko ta Khartum, ko ta Omdurman, ko ta Bahri, kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya rufe mana warsha ya watsa mu. Mu ma masu rubuta wannan darasi can muka tashi a sana'ar. A can, in ƙarfe ya rikita ka, taku goma ne tsakaninka da wani usta da ya tsufa a gyaran motocin Bedford ɗin nan da ake kira sifinja. Ya ɗaga ƙarfen, ya ƙwanƙwasa, ya faɗa maka ko mene ne. Sandar walda kuwa a cikin kwalinta kake saye, da lambarta a rubuce.

Nan ba haka abin yake ba. Ƙarfen da muke samu tsinto ne: guntun mota, tsohon gado, bututun da ba a san daga ina ya fito ba. Sanda kuma ɗai-ɗai ake sayar da ita, wata lambar ta goge, wata ta sha raɓa. Shi ya sa darasinmu na wannan fitowa ya tsaya kan abu ɗaya: kada ka ɗiga walda a jikin ƙarfen da ba ka san sunansa ba, da sandar da ba ka san lambarta ba.

Abin da ya faru da injin niƙa

A watan jiya an kawo mana ƙafar injin niƙa da ta tsage. Ɗaya daga cikin yaranmu, mai hannu mai kyau, ya ɗauki sanda 6013 ya ɗinke ta tsaf. Kowa ya yaba. Tana cikin hucewa muka ji ƙas, ba mu kula ba. Bayan kwana biyu ƙafar ta rabu biyu, ba a kan waldar ba, daf da gefenta. Mako guda matan unguwar suna kai niƙa can ƙarshen sansani. Laifin ba na yaron kaɗai ba ne, namu ne da ba mu sa shi ya gwada ƙarfen ba.

Ƙafar ta ƙarfen kas ce, wanda a Khartum muke kira zahar. Bambancinsa da baƙin ƙarfe na yau da kullum yana ga sinadarin kabon. Ƙarfen da muke yin ƙofa da taga da shi, kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba. Na kas kuwa yana tsakanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100. In aka narka shi da sandar yau da kullum, kabon ya shiga cikin waldar, wurin ya huce da sauri, sai gefen ya yi tauri ya zama mai saurin karyewa kamar gilashi. Waldar tana janyewa yayin da take hucewa, kas ɗin ba ya iya bin ta, sai ya tsage.

Gwaji biyar da ba sa cin kuɗi

Na ɗaya, mayen ƙarfe. Ko na tsohuwar sifika ya isa. Yana kama baƙin ƙarfe da kas. Ba ya kama alminiyon, jan ƙarfe, tagulla da tutiya. Ƙarfen nan mara tsatsa da muke kira silba, galibinsa ba ya kamuwa, amma akwai irinsa, kamar mai lamba 430, da yake kamuwa. Saboda haka kada ka tsaya a wannan gwaji kaɗai.

Na biyu, tartsatsi. Sa ƙarfen a dutsen giranda a cikin inuwa. Baƙin ƙarfe mai laushi yana ba da dogon tartsatsi rawaya mai 'yan rassa kaɗan. Mai kabon da yawa, kamar sifirin, tartsatsinsa yana fashewa da rassa birjik. Na kas gajere ne, ja-ja, ba haske sosai. Alminiyon da jan ƙarfe da tagulla ba sa tartsatsi. Muna ba da shawara kowace warsha ta ajiye guntayen ƙarafan da ta tabbatar da su, don a riƙa kwatantawa.

Na uku, huda ko sara. Huda ɗan rami a wurin da ba zai ɓata aiki ba. Baƙin ƙarfe yana fitar da ɓarɓashi mai nannaɗewa. Kas gari yake fitarwa, mai toka-toka, yana baƙanta yatsa kamar bakin fensir.

Na huɗu, magagari. In ya ci ƙarfen cikin sauƙi, mai laushi ne. In yana zamewa, an taurara ƙarfen, sai a yi hattara.

Na biyar, nauyi da sauti. Baƙin ƙarfe ya kusa ninka alminiyon sau uku a nauyi. In ka rataye shi ka buga, yana amo mai tsawo. Kas amonsa gajere ne, a dushe.

Ƙarafan da aka fi rikitawa

Kas. Jikin famfon ruwa, ƙafar injin niƙa, jikin keken ɗinki na da, da wasu sassan injin mota duk kas ne. Sandarsa ta nikel ce: ENi-CI, wadda kusan dukanta nikel ne, ko ENiFe-CI mai nikel kamar kashi 55 cikin 100. Tana da tsada, amma ta fi sake sayen inji sauƙi. Huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, buɗe bakinta da giranda, ka ɗumama ƙarfen gaba ɗaya. Yi walda gajere-gajere, santimita 2 zuwa 3, ka bubbuga kowace da ƙaramar guduma tun tana da zafi. In ka gama, binne shi a busasshen yashi ko toka ya kwana. Kada ka zuba masa ruwa.

Sifirin da aksul. Idonka zai ce baƙin ƙarfe ne, amma kabon ɗinsu ya fi yawa, kuma an gasa su a masana'anta don su yi ƙarfi. Wutar walda tana lalata wannan gashi. Sifirin ɗin mota ko na raksha da ya karye ba a walda shi a mayar, canza shi ake yi, domin rayukan mutane ne a kai. In aksul ɗin karo ne na ɗibar ruwa kuma babu wani, ɗumama shi zuwa digiri 200 ko 300, yi amfani da busasshiyar 7018, ka bar shi ya huce a hankali, sannan ka gaya wa mai shi gaskiya cewa gyara ne na wucin gadi.

Silba. Abin da ke hana shi tsatsa kuromiyom ne, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. In ka yi masa walda da 6013, layin waldar zai yi tsatsa, zai kuma iya tsagewa, sai tankin ruwa ya fara yoyo daidai inda ka gyara. Silba irin 304 da ɗan'uwansa, sandarsu 308L ce. Silba da baƙin ƙarfe, 309. Kada ka goge shi da burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe. Hayaƙinsa kuma yana cutar da huhu, a sarari ake aikinsa.

Farare uku masu kama da juna. Alminiyon yana narkewa a digiri 660, amma fatar da ke samansa sai ta wuce digiri 2,000, kuma ba ya yin ja kafin ya narke, shi ya sa yake zubewa ba gargaɗi. Kankare fatar kafin ka fara. Wayarsa ta ciko da aka fi sani 4043 ce da 5356. Tutiya, wadda ake yin kafireto da hannun ƙofar mota da ita, ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba, kuma tun wajen digiri 400 take narkewa. Wutar alminiyon za ta mai da ita ruwa. Magnisiyom ya fi alminiyon rashin nauyi, ana samunsa a jikin injin yankan itace da murfin wasu injuna. Kankare wurin ka ɗiga ruwan khal: in ya yi kumfa, magnisiyom ne. Garinsa yana kamawa da farar wuta mai kashe ido, ruwa kuma ƙara ta yake yi. Busasshen yashi ne maganinta.

Bututu da kwano masu rufin tutiya. Su ne suka fi yawa a sansani, a jikin famfo da rumfuna. Baƙin ƙarfe ne aka shafe da tutiya, ita kuwa tana tafasa a digiri 907, tun kafin ƙarfen ya narke a wajen 1,500. Sai ta bar ramuka a cikin waldar, ta tashi da farin hayaƙi. Wanda ya shaƙe shi, bayan 'yan sa'o'i sai zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon jiki, kamar na cizon sauro. Goge rufin da giranda aƙalla yatsa uku kowane gefe, ka tsaya inda iska ke kore hayaƙin daga fuskarka. Shan madara, kamar yadda aka saba faɗa a warsha, ba ya karewa. In zazzaɓin ya zo, je asibitin sansani ka faɗa musu aikin da ka yi.

Karanta lambar sanda

Lambar tana kusa da gindin sandar. A 6013, 60 na nufin waldar tana jure jan fam 60,000 a kan inci ɗaya murabba'i, 1 na nufin ana aiki da ita a kwance, a tsaye da sama, 3 kuma irin ɓawon da aka lulluɓe ta da shi ne. 7018 ta fi ƙarfi, amma in ɓawonta ya sha danshi amfaninta ya tafi, domin danshin ne ke jawo tsagewa daga baya. A masana'anta a tanda ake ajiye ta, a wajen digiri 120. Mu nan, sayi kaɗan, ka rufe a gwangwani mai murfi, kada ta kwana a waje, balle da damina.

Akwai kuma sandar taurara baki, ta haƙoran garma da bakin injin haƙa. Ba ta haɗa ƙarfe biyu ba ce; in ka haɗa da ita, wurin zai fashe. Sandar da lambarta ta goge, kada ta taɓa abin da zai ɗauki nauyi. In dole ne, haɗa guntaye biyu na irin ƙarfen, bar su su huce, ka doke su da guduma. In sun lanƙwashe, madalla. In sun ɓalle, ka tsira da kwabo kaɗan.

Ƙarfen da ba a gwadawa ko kaɗan

Bayan yaƙi, cikin tarkacen ƙarfe akwai harsasai da rokoki da ba su fashe ba, a hanya, a gona, da cikin warshar da muka baro. Duk abin da ya yi kama da bututu rufaffe, mai fikafikai ko mai tsinin kai, kada ka ɗauka, kada ka buga, kada ka sa masa wuta. Nisanta yara, ka sanar da jami'an sansani. Wannan gargaɗi ya fi shafar masu shirin komawa Khartum su buɗe wurin aikinsu. Haka nan durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur: ko ya shekara ba komai a ciki, tururin da ya rage yana iya tarwatsa shi.

Kafin haɗuwa ta gaba

Kowane mai koyo ya zo rumfar sana'a da guntayen ƙarfe uku daban-daban, ban da irin waɗanda muka hana taɓawa. Zai gwada su a gabanmu, ya faɗi sunan kowanne da sandar da ta dace da shi. Ustocin da ke cikinmu kuma muna roƙonku ku zo da abin da kuka sani, domin kunnen da ke gane kas daga amonsa ba a littafi ake samunsa ba, kuma yaran nan ba su da maƙwabcin warsha da za su tambaya sai ku. Tambaya ba ta rage darajar mai sana'a. Allah Ya tsare hannuwanmu da idanunmu, Ya mai da mu gida lafiya.