Tafiyar Zumunci a Motar Ɗaki: Daga Gabar Gabas ta Amurka Zuwa ta Yamma

Wani bawan Allah mazaunin jihar Nujasi a ƙasar Amurka ya aiko mini da wasiƙa yana neman shawara. Ya ce ya ƙudura niyyar kwasar iyalinsa, watau mai ɗakinsa da 'ya'yansu ƙanana da mahaifiyarsa wadda shekaru suka ja, su je sada zumunci wurin yayansa da ke zaune kusa da birnin San Faransisko, kuma maimakon jirgin sama ya fi son su tafi a irin babbar motar nan da Amurkawa ke kira RV, wadda aka gina mata ɗaki da gadaje da murhu da makewayi a ciki. Yana tsakanin ya yi haya ko ya ari ta wani abokinsa, kuma taswirar wayarsa ta nuna masa tuƙin sa'o'i arba'in da 'yan kai ne, saboda haka ya yanke cewa kwana huɗu sun ishe shi.

Malam, Allah ya ba da ladan niyya, domin sada zumunci yana daga cikin mafifitan ayyuka, kuma wanda ya ɗauki mahaifiyarsa ya kai ta ta ga ɗanta da jikokinta ya haɗa lada biyu a tafiya guda. Amma lissafin nan naka na kwana huɗu shi ne ainihin illar da nake so in yi magana a kanta, gama mafi yawan waɗanda suka sha wuya a irin wannan tafiya, suka isa wurin danginsu a gajiye, ransu a ɓace, ba sa ko iya zaman hira, ba lalacewar inji ce ta jawo musu ba, kuskuren ƙiyasin lokaci ne tun daga gida.

Hanyar da za ka bi ita ce babban titi mai lamba 80, wanda ya taso daga Nujasi ya ƙare a San Faransisko, tsawonsa ya kusa mil 2,900, yana ratsa Fensilbaniya da Ohayo da Indiyana da Ilinoi da Ayowa da Nebraska da Wayomin da Yuta da Nebada kafin ya gangara Kalifoniya. A shekarar 1919, sa'ad da rundunar sojan Amurka ta aika da jerin motocinta daga Washinton zuwa San Faransisko don a gwada hanyoyin ƙasar, sai da suka yi kwana 62 kafin su isa, kuma a cikinsu akwai wani hafsa matashi mai suna Eisenhower, wanda bayan ya zama shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar gina waɗannan manyan tituna a shekarar 1956. Titi ya gyaru, amma faɗin ƙasar yana nan yadda Allah ya halicce shi. Taswirar waya kuwa tana yi wa ƙaramar mota lissafi ne, wadda ba ta tsayawa shan mai, ba ta da yaro mai kuka, ba ta da tsohuwa mai ciwon gwiwa, ba ta kuma tsayawa salla. Motar ɗaki abu ce mai nauyi da tsayi da faɗi, iska tana kaɗa ta, tirela in ta wuce ta sai ta girgiza, kuma direban da ya riƙe ta sa'a biyar yana jin gajiyar da ba ya ji a ƙaramar mota ko ya yi sa'a takwas. Ka tuna cewa direbobin manyan motocin kaya, waɗanda tuƙi ne sana'arsu, doka ba ta yarda su wuce sa'a 11 suna tuƙi ba sai sun huta sa'a 10. To ina ga wanda bai taɓa riƙe mota mai wannan girma ba, ga kuma rayukan iyalinsa amana a wuyansa?

Waɗanda suka daɗe da irin wannan tafiya a Amurka suna da wata ƙa'ida da suke yi wa juna wasiyya da ita, cewa kada a wuce mil 300 a yini, kuma a sauka masauki kafin ƙarfe uku na yamma. A ganina ƙa'ida ce ta masu hankali, kuma in ka raba tafiyarka a kanta, kwana goma za ka samu, ba huɗu ba. In kuna da direbobi biyu, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Ayowa da Nebraska kuna iya kai wa mil 400, amma kada ka gina dukkan tsarinka a kan haka, kuma ka bar yini guda a tsakiya wanda ba za a tayar da mota ba sam, a yi wanki, yara su yi guje-guje, Hajiya ta miƙe ƙafa. Madugun ayari na dā ba ya auna zango da ƙarfin ingarman da ya fi kowa sauri, da tafiyar mafi rauni a cikin ayarin yake auna shi, kuma a naka ayarin mafi rauni su ne mahaifiyarka da autanka. Idan hutun da ka samu a wurin aiki bai kai ya ɗauki kwana goma zuwa da goma komowa da kwanakin zama ba, to maslaha ita ce ku yi hayar zuwa kaɗai ku komo ta jirgi, ko da yake kamfanonin haya suna ɗora kuɗi na musamman a kan wanda zai ajiye mota a wani gari dabam, sai ka tambaya tun kafin ka sa hannu, tare da kuɗin da suke karɓa a kan kowane mil.

Alhamdu lillahi, shari'a ta yi wa matafiyi sauƙi, kuma wanda ya san hukuncin zai ga lokutan salla da kansu sun tsara masa yininsa. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya yi nufin tafiyar mil 48 yana yin ƙasaru, watau ya mayar da salla mai raka'a huɗu biyu, daga sa'ad da ya wuce gidajen garinsu, kuma an yi masa rangwamen haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i. Saboda haka ku tashi bayan Asuba da karin kumallo, ku yi tafiyarku da sanyin safiya kuna tsayawa duk bayan sa'a biyu, ku isa masauki ku sallaci Azahar da La'asar cikin natsuwa. Farilla dai ba a yin ta mota tana tafiya alhali akwai ikon tsayawa. Alƙibla daga ƙasar Amurka tana wajen arewa maso gabas ne, kuma sau uku agogo zai koma baya da sa'a guda kafin ku isa, don haka jadawalin salla na masallacinku na gida ba zai yi muku amfani ba da zarar kun yi nisa. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma in ta riske ku kusa da Toledo a Ohayo, akwai babban masallaci mai ƙubba da hasumiya biyu a Perrysburg, kuma a Ayowa, in kun ratse arewa kaɗan zuwa Cedar Rapids, za ku ga ɗan ƙaramin masallacin da Musulmi 'yan asalin ƙasar Sham suka gina a shekarar 1934, wanda ake kira uwar masallatan Amurka. Ina ganin ya cancanci a kai yara su gan shi.

Game da motar kanta, abu na farko shi ne nauyi, kuma a nan mutanenmu suka fi yin sakaci, domin ba ma zuwa wurin dangi hannu rabbana, sai an cika mota da tsaraba da tukwane da buhunan abinci. Kowace mota tana da takardar da aka manna kusa da ƙofar direba mai faɗin iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma mutane da kaya da mai da ruwa duk suna cikin wannan lissafi. Galan 40 na ruwa kaɗai ya haura fam 330. Bayan kun gama lodi, ka shiga ɗaya daga cikin manyan tashoshin tirela, akwai sikelin da ake hawa da mota a biya kuɗi kaɗan. Nauyin da ya wuce ƙima, in ya haɗu da ƙarancin iska a taya da zafin kwalta, shi ke fasa taya ana cikin gudu. In ta aro ce za ka ɗauka, ka duba gefen kowace taya, akwai jerin lambobi da suka fara da haruffan DOT, huɗun ƙarshe suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tayar motar ɗaki takan tsufa ta tsattsage tun zanenta bai cinye ba, saboda yawan zama a rana, kuma wadda ta haura shekara shida ko bakwai ban yarda ka hau duwatsu da ita ba sai masani ya duba. Iskar taya kuwa da safe ake aunawa, kafin a motsa. Ka rubuta tsayin motar a takarda ka manna a gaban sitiyari, domin akwai titunan yankin Niyok masu gajerun gadoji da aka haramta wa irin wannan mota. Lasisinka na kullum ya wadatar a mafi yawan jihohi matuƙar motar ba ta wuce fam 26,000 ba. Mai kuwa, matsakaiciyar motar ɗaki tana cin galan guda a mil 8 zuwa 10, watau ka tanadi kuɗin galan 300 zuwa 360 a zuwa kaɗai, ban da kuɗin titi a Ohayo da Indiyana.

Akwai wani al'amari da ba na so ka ɗauke shi da sauƙi. Kasancewar akwai gado da murhu a cikin mota yakan ruɗi mutane su bar yara suna yawo, uwargida tana dafa abinci, alhali mota tana gudun mil sittin. Wannan ganganci ne. Kowa ya zauna ya ɗaura bel, kujerar jariri kuma a ɗaure ta a mazaunin da ke fuskantar gaba, ba a bencin da ke kallon gefe ba, kuma kafin ka karɓi mota ka ƙirga mazaunai masu bel ka ga sun kai yawanku. A kashe gas da duk abin da ke aiki da harshen wuta kafin a shiga gidan mai, a kuma gwada na'urar da ke ƙara in hayaƙin nan mai guba marar wari ya taru, domin shi ke kashe masu barci da janareto a kunne.

Ruwa ma yana bukatar tadabburi, gama gidan Musulmi yana cin ruwa fiye da yadda masu ƙera motar suka ƙiyasta, saboda tsarki da alwala sau da yawa a yini. Tanki uku ne a motar, na ruwa mai tsabta, da na ruwan wanka da wanke-wanke, da na makewayi, kuma na biyun yakan cika da wuri. Ku riƙa yin alwala a waje da buta in hali ya yi. Ba a zubar da ƙazanta sai a wuraren da aka tanada, a fara da ta makewayi sa'an nan ruwan wanka ya biyo ya wanke tiyo. Ka kama wuri tun da wuri a sansanonin da ke da wuta da ruwa, musamman in a lokacin hutun bazara ne. Wasu kantunan Walmart suna barin matafiya su kwana a filinsu, amma ba duka ba, sai an nemi izinin manaja, kuma ga mai tsohuwa da yara lalura ce kawai za ta sa in ba shi wannan shawara.

Gabashin hanyar ba shi da wata wahala in ban da cunkoson kudancin Cikago, wanda ya kamata a ratsa shi da hantsi. Jarrabawar tana farawa ne bayan Nebraska. Tsakanin Cheyenne da Laramie a Wayomin titin yana hawa har ƙafa 8,640, wuri mafi tsayi a dukkan tsawonsa, kuma daga nan zuwa yamma akwai iska mai tsanani wadda takan kifar da dogayen motoci marasa nauyi, har hukumar jihar takan rufe musu hanya. In ka ga allon gargaɗi ya kunnu, ka nemi wuri ka tsaya, ko da yini guda za ka rasa. Saboda wannan tsayi, ka kai mahaifiyarka wurin likitanta kafin tafiya, musamman in tana da ciwon zuciya ko na numfashi, a kuma tanadi magungunanta da ƙari. Daga Wayomin har Nebada garuruwa suna da nisa da juna, ga kuma fagen gishiri na Bonneville a yammacin Yuta inda titi ya miƙe sambal har barci ya ɗauki direba, saboda haka kada ka bar mai ya sauka ƙasa da rabin tanki. Daga ƙarshe sai duwatsun Sierra Nevada, inda mashigar Donner ta haura ƙafa 7,000, sa'an nan doguwar gangara zuwa Sakaramento. A nan ka sa ƙaramin giya injin ya riƙe motar, ka taka birki ka saki, domin wanda ya ɗora ƙafa a kansa bai ɗaga ba zai ƙona shi. Ƙanƙara tana rufe waɗannan wurare a lokacin sanyi, don haka ka zaɓi tsakanin ƙarshen Mayu da Satumba.

Tun kafin ka tashi ka yi magana da yayanka a kan inda za a ajiye motar, domin garuruwa da yawa a Kalifoniya sun hana ajiye irinta a bakin titi dare da rana, kuma ba daidai ba ne baƙo ya jawo wa mai masaukinsa tara ko saɓani da maƙwabta. Ka gaya masa ranar isowarku da ragowar kwana guda, don kada jiran da suke yi ya sa ka matsa wa kanka a kan duwatsu. In kuwa kun yi niyyar zama kwana huɗu cikakku a wurinsa, to hukuncin ƙasaru ya yanke daga isarku, sai ku cika salla har ranar da kuka kama hanyar komowa, wadda ita ma kwana goma take bukata.