Fijo 504 Da Jif Ta Zamani: Wacce Ce Wayarka Za Ta Iya Yi Wa Gwaji?

A darasinmu na yau za mu ajiye waya kusa da mota, mu kwatanta Fijo 504 da jif irin su Toyota RAV4 da Highlander.

Fijo 504: gyaran kunne da sufana

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara haɗa motocin Fijo a 1975. Kafireta ce ke haɗa mata fetur da iska, babu wata kwamfuta a tsakani. Shi ya sa idan ta tsaya maka tsakanin Fakku da Kebbe, bakaniken bakin hanya zai saurari kukan injin, ya wanke kafireta ko ya goge fulogi, ka ci gaba da tafiya. Illarta ita ce ba ta da jakar iska mai kare direba, ba ta da birkin ABS.

Jif: kwamfuta ce mai taya huɗu

A jif, ƙwaƙwalwar mota ce ke karɓar bayanai daga sensoci, ta lissafa yawan man da za a fesa wa injin. Ta fi tsaro da jin daɗi, amma sensa ɗaya idan ta lalace, kunne ba zai gano ta ba. Nan ne ake faɗawa canje-canjen kaya bisa cinta, kuɗi na ta zurarewa, ƙarshe a ja motar zuwa Sakkwato.

Inda wayarka ta shigo

Tun 1996, dole ne duk motar da aka sayar a Amurka ta zo da kafar OBD-II mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ga yadda za ka yi amfani da ita:

1. Nemi 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth, ka soka ta a kafar.
2. Murɗa makulli har fitilun gaba su kama.
3. Haɗa ta da wayarka, ka buɗe manhajar Torque ko Car Scanner.
4. Karanta lambar da ta fito. P0300 na nufin injin na tsallake wuta, P0171 kuma iska ta yi wa man yawa.

A kula: lambar na nuna inda za a duba ne kawai. Goge ta ba gyara ba ne, fitilar za ta dawo.

To wacce za a ɗauka?

Ga mai zirga-zirga da iyali a titin Tambuwal zuwa Jega, tsaron jif ya fi. Amma kafin ka biya kuɗin jif ta hannu, soka na'urar ka ga abin da motar ke ɓoyewa. Idan mai sayarwa ya hana, ka riƙe kuɗinka.